Tarihin Rayuwata, kashi na 17: Hunturun Minesota da injin jirgina

Assalamu alaikum jama'a, wancan makon mun tsaya ne a inda na sayi ƙaramin jirgin ruwa na hannu mai injin MerCruiser, irin wanda ake girkawa a cikin jirgin, muka yi ta shawagi da yara a tafkin Minitonka da ke jihar Minesota a Amurka duk lokacin zafi. Toh Oktoba na kamawa sai naga kowa ya fara janye jirginsa da tirela, maƙwabcina wani dattijon bature yace min in shirya, domin a nan sanyi yana kaiwa 25 ƙasa da sifili a ma'aunin selshiyos, tafkin ma daskarewa yake har mutane su hau kansa da mota su huda ƙanƙara suna kamun kifi.

Da na kira yayana a Yauri na faɗa masa dariya ya yi ta yi, yace kai ƙanena, injin Yamaha ɗinmu shekara da shekaru yana kan kogi ba wanda ya taɓa lulluɓe shi. Nace Yaya ai ku ruwanku baya zama dutse.

Maganar duka ruwa ce. Irin wannan injin ruwan tafki yake zuƙa ya sanyaya kansa, in ka kashe shi wani ruwan yana nan kwance a ciki, kuma ruwa in ya daskare yana kumbura da kusan kashi 9 cikin ɗari, ƙarfen bulok ɗin injin sai ya tsage, shikenan sai dai sabon inji. Masu injin ratayawa a baya sun fi mu sauƙi, su miƙe shi tsaye kawai ruwan ya tsiyaye.

Mun fara da fetur, na cika tanki na zuba maganin hana shi lalacewa saboda fetur ɗin jihar nan akwai sinadarin itanol kashi 10 cikin ɗari a ciki, shi kuma janyo ruwa yake in ya daɗe a ajiye. Sai muka maƙala wasu robobi biyu a bakin da injin yake shan ruwa muka jona tiyo kafin mu tada shi, dattijon ya ja kunnena sosai, yace in ka tada shi a bushe ƙaramar farfelar roba ta cikin famfon da ke zuƙo ruwa ƙonewa take nan take. Da ya ɗau zafi muka juye baƙin mai muka canja filta, muka fesa wani mai ta kafireta har ya yi ta hayaƙi ya mutu, wannan shi ke hana tsatsa a silinda. Daga nan muka kwance fulogan magudana, har da soka waya a ramin domin yashi kan toshe shi ka zata ruwan ya ƙare, sannan muka ɗura maganin daskarewa, mai ruwan hoda ake sa wa ba irin na mota ba, na mota guba ne ga kifi.

Man giyar ƙasa, wato giyar da ke juya farfelar jirgin a cikin ruwa, shi ne ya tsorata ni, ya fito fari-fari kamar kindirmo, ashe zaren fatsa ne ya naɗe bayan farfela ya yanke robar da ke tare ruwa. Wannan kam sai makanike, kuma kuɗin da ya caje ni uwargida har yanzu tana min gori.

Batir na cire shi yana gareji a kan caji, jirgin kuma an naɗe shi da leda sai Afrilu ko Mayu in ƙanƙara ta narke. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu zan baku labarin ɓerayen da suka tare a kujerun jirgin.