Daga Bencin Baƙi Zuwa Littafin Ikkilisiya

A yawancin ikkilisiyoyinmu na Arewa, bayan an gama sanarwa, magatakarda kan ɗaga kai ya ce, "Idan akwai baƙi a cikinmu, su tashi mu gan su." Sai mutum ya miƙe, ya faɗi sunansa da inda ya fito, mawaƙa su yi masa waƙar maraba, na kusa su miƙo hannu. Abin da ba a gaya masa ranar shi ne, yana iya shekara da shekaru a wannan majami'a, kowace Lahadi yana nan, yana jefa baiko, har ya haddace lambobin waƙoƙi, amma ba ya cikin lissafi. Irin zaman da na yi ke nan a Kaduna, sa'ad da aikin koyarwa ya ɗauko ni daga ƙauyenmu na wajen Malumfashi.

Zaman kuwa ya yi mini daɗi. A ƙauye, in ban je addu'ar safe ba, kafin rana ta take labari ya kai kunnen gwaggona. A nan ba mai tambaya. Ina shiga sujadar Hausa, in zauna kusa da ƙofa, ana yin addu'ar sallama ina kan hanya. Akwai kuma wani dalili. Unguwarmu tana kudu da kogin Kaduna, inda Kiristoci da yawa suka koma bayan rikicin shekarar 2000. Mutanen majami'ar Bajju ne da Atyap da Ham da Adara da Gbagyi da 'yan Filato. Hausa ce ta haɗa su, amma ni kaɗai ce ta sha ta a nono. Da na buɗe baki sai a ƙara dubana, a ce, "Ke tuba kika yi?" In ce a'a, kakana ne ya karɓi bishara, ni a ciki aka haife ni. Maimaita wannan bayani yana gajiyarwa, zama kusa da ƙofa ya fi sauƙi.

Ranar jibin Ubangiji, wato cin gurasa da shan ƙoƙo don tunawa da mutuwar Yesu, ita ce ranar da asirina ya tonu. In an tashi daga sujada, waɗanda ba a yi wa baftisma ba sukan fita, sauran su matso gaba, nan ne ake ganin fuskar kowa. Shugabar zumuntar mata, wata dattijuwa mai sayar da hatsi, ta tare ni a bakin ƙofa.

"'Yata, a ina aka yi miki baftisma?"

Na faɗa mata.

"To, ina takardarki?"

"Tana gida, Mama."

"Gida can ko gida nan?" Ba ta jira amsa ba. "In kika faɗi yau a makaranta, wa za a kira? Mu kuma da wane baki za mu shiga maganarki?"

Da hutu ya zo na tafi gida na sami fastonmu. Ya jawo tsohon littafin rajista, wanda bangonsa ya sha ɗinki, ya nemo sunana. Takardar da ya rubuta gajeriya ce: ranar da aka yi mini baftisma, da cewa ba na ƙarƙashin horo, da cewa ikkilisiyar ta miƙa ni ga 'yan'uwa na Kaduna su lura da ni. Ya buga hatimi, ya liƙe ambulan. Wannan kalma ta lura ta tsaya mini a rai a cikin mota har Funtuwa.

A Kaduna dattawan ikkilisiya suka kira ni ofishin fasto wata yamma. Na zaci tambayoyin ajin baftisma za a maimaita, har na yi bita. Sun ji shaidar bangaskiyata a taƙaice, suka tambayi inda nake zaune da wanda nake zaune da shi. Sai mafi tsufa a cikinsu ya ce, "'Yata, wane aiki hannunki ya iya?" Na ce, "Baba, koyarwa ce sana'ata." Ya dubi magatakarda, magatakarda ya rubuta. Lahadin da aka kira ni gaba aka yi mini addu'a, ranar aka nuna mini ajin yara a Makarantar Lahadi. Ba a ba ni ko mako na shan iska ba.

Wannan tsanani game da suna da takarda yana da asali. Mishan ɗin da suka kawo bishara Arewa ba su yi gaggawar yi wa mutane baftisma ba. SIM (Sudan Interior Mission), wadda mutanenta uku na farko suka sauka Legas a 1893, da SUM (Sudan United Mission), wadda ta kafa sansani a Wase a 1904, da mishan na 'Yan'uwa da suka fara a Garkida a 1923, duk sukan sa mutum a aji ya daɗe, a ga halinsa, a koya masa karatu don ya riƙe Littafi Mai Tsarki da kansa, musamman bayan fitowar cikakken juyin Hausa a 1932. A ƙasar Hausa kuwa, inda ba a sakar wa mishan mara ba, ƙofa mafi faɗi ita ce asibitocin kutare na shekarun 1930, irin na Babbar Ruga a Katsina da Yadakunya a Kano. Wanda ya bi a wancan zamani ya san abin da bin zai ci masa a dangi. Daga baya, da ECWA, ikkilisiyar da ta fito daga aikin SIM, ta tsaya da ƙafarta a 1954, ikkilisiyoyin SUM da wasu kuma suka haɗa tarayyar da ake kira TEKAN yanzu a 1955, sai kaya ya sauko kan 'yan ƙasa: albashin fasto, ginin majami'a, aika masu bishara ƙauyuka. Ikkilisiyar da za ta ciyar da kanta dole ta san ko su wa take da su.

Ni ma da aka rubuta ni, kaya ya sauko. Zumuntar mata tana da ranarta a mako, da kuɗin wata, da zanen zumunta da ake ɗaurawa ranar taro. Akwai koyon waƙa da tulu da kacau-kacau. Akwai sharar majami'a bi da bi, unguwa unguwa. In an yi rasuwa, da asuba ake buga waya, kafin a ɗauko gawa daga asibiti mata sun hura wuta a gidan makoki. In an haihu, akwai sabulu da itace da kwanon kunu. Ba wanda zai kai ki ƙara in ba ki je ba, amma za a kira sunanki a taro, a yi shiru, wata ta ce, "Ko lafiya?" Kafin mako ya zagayo mutum biyu sun yi sallama a ƙofarki.

Ziyarar nan ce ta fi koya mini abu. Shekarun da na yi kusa da ƙofa, ƙeyar mutane na sani. Da na fara shiga gidajensu sai na gane matar da ke jan waƙa da murya kamar ba ta da damuwa tana jinyar miji mai shanyewar ɓarin jiki, ta ɗauke shi ta kwantar, sannan ta ɗaura zane ta zo. Na gane dattijon da ke zuwa da riga ɗaya kullum shi ne ke biyan kuɗin makarantar marayu biyu, ba tare da an sanar ba. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake. A gidajen nan ne kuma aka daina tambayata ko tuba na yi, domin an ci tuwona, an san sunan mahaifiyata.

Maganar kuɗi kuwa, gara a faɗe ta a fili. Akwai zakka, kashi ɗaya cikin goma, akwai baikon Lahadi, akwai godiyar kaka da ake kawo doya da masara da awaki a yi gwanjonsu, akwai gudummawar gini da ta masu bishara. Ga ma'aikaciyar da albashinta ke makara, wata rana abin yana nauyi. Abin da ya sauƙaƙa mini shi ne taron ikkilisiya na shekara, inda ma'aji ke karanta abin da ya shigo da abin da ya fita, masu duba lissafi su yi bayani. Wanda sunansa ke littafi ne kaɗai ke da bakin tambaya a wurin, shi ne kuma ke jefa ƙuri'a in za a zaɓi dattawa. Na taɓa miƙewa na tambayi dalilin da ya sa kuɗin Makarantar Lahadi bai kai na fentin katanga ba. An yi dariya, amma an ƙara. Sai dai na ga masu ɗaukar abin kamar adashe: na zuba a bikin wance, dole a zubo mini daidai a nawa. Irin wannan lissafi ba ya fita, domin gwauruwar da ba ta da abin zubawa ita ce ta fi bukatar a zo mata.

Abin da ya fi wuya shi ne horo. Duk wanda ya girma a ikkilisiyoyin Arewa ya san shi: a sanar da laifi a gaban jama'a, mutum ya koma bencin baya, ba cin jibi, ba riƙe muƙami, sai wa'adin da dattawa suka yanka ya cika. An yi wa wata yarinya daga cikin mawaƙa, wadda ta yi ciki kafin aure. An haɗa ni da wata uwa aka ce mu riƙa zuwa wurinta. Da farko ba ta ko ɗaga ido. Muna zuwa, mu karanta aya, mu yi hirar awon ciki da tsadar gawayi, mu tashi. Ranar da aka mayar da ita cikin zumunta, fasto ya kira ta gaba da jaririnta a baya, mata suka rangaɗa guɗa, ni kuwa na kasa waƙar don kuka.

Duk da haka ina da magana a kan yadda ake horo a wurare da yawa. Ciki yana fitowa fili, shi ya sa mata suka fi yawa a bencin baya. Wanda ya yi cikin sau da yawa ya bar gari. Mai cin hanci a ofis da mai danne gadon marayu ba abin da ke nunawa a jikinsu. Matiyu 18 kuma, inda Yesu ya koyar da yadda za a yi da ɗan'uwan da ya yi laifi, da magana tsakanin mutum biyu ta fara, sanarwa ita ce matakin ƙarshe, amma wasu da ita suke farawa. Na faɗi wannan a taron mata, na faɗa wa Baba Fasto ido da ido, ya saurara. Da ina bencin baƙi da ba ni da hurumin faɗa. Kuma yarinyar nan tana iya tsallaka titi ta shiga wata majami'ar da ba a san ta ba, Kaduna ba ta rasa su ba. Ta zaɓi ta zauna a inda aka san abin da ta yi. Ban san ko ni zan iya ba.

A ƙarshen 2014 aka gwada dokar takarda kanta. A watan Oktoba na shekarar Boko Haram suka kama Mubi, suka mamaye hedikwatar EYN, ikkilisiyar da ta fito daga mishan na 'Yan'uwa, da ke Kwarhi. Mutanen Michika da Madagali da Gwoza suka watsu, wasu Yola, wasu Jos, wasu Kamaru, wasu har wurinmu. Suka zo ba katin baftisma, ba takardar fasto. Majami'ar an ƙone ta da littafinta, faston ma ba a san inda yake ba. Wa zai rubuta musu? Dattawanmu suka zauna, suka yanke cewa bakin mutum da shaidar wanda ya san shi sun isa. Wata uwa mai 'ya'ya huɗu ba ta da ko mai shaida. Baba Dattijon nan da ya taɓa tambayata aikin hannuna ya ce ta faɗi inda aka yi mata baftisma. Ta faɗi sunan rafin, da shekarar, da waƙar da aka yi a bakin ruwa, ta fara rera ta da harshensu. Ya ce wa magatakarda, "Rubuta." Ita ce ma'ajin zumuntar mata yanzu.

Yau littafin zumunta yana hannuna, kuma matsalarmu ta koma wata. Yaran da na koya wa haddar aya sun girma, suna tafiya Abuja da Legas da Fatakwal neman aiki. Kaɗan ne ke zuwa karɓar takarda. Suna bin wa'azi a YouTube, yau wannan coci gobe wancan, ko'ina ana yi musu maraba. Ba na ce musu lalle sai irin ikkilisiyarmu ba. Abin da nake tambaya in sun zo Kirsimeti shi ne, a can wa ya san ɗakinki? In ba ka zo ba Lahadi biyu, wa zai buga maka waya? Wasu su yi dariya su ce, "Mama, zamani ya canza." Wasu su dawo bayan sallama su ce in yi wa Baba Fasto magana a rubuta musu.

Kowace Janairu ni da shugaba da ma'aji mukan zauna mu bi sunaye ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda suka rasu mu sa alama da kwanan wata. Waɗanda suka karɓi takarda mu rubuta garin da suka koma. Sauran, waɗanda suka daina zuwa ba sallama, mukan raba su bisa unguwa, Sabon Tasha da Narayi da Unguwar Romi da Gonin Gora, kowace ta ɗauki nata. Bana an ba ni wata mai saƙa da ta yi fushi tun bikin 'yarta, don a ganinta mata ba su fito mata yadda ya kamata ba. Na je, ta ba ni ruwa, ta zazzage mini abin da ke cikinta har magariba. Ba ta ce za ta dawo ba. Ta dai ce in na sake zuwa in zo da shugaba, akwai maganar da ita take so ta gaya wa.