Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ciwon bakin da ya kama 'yata

Assalamu alaikum 'yan uwa. Makon jiya na tsaya a inda na haifi ta biyu, yau kuma kan yayarta zan koma, dan abin da ya same ta har yanzu in na tuna sai gabana ya faɗi.

Shekararta 2 lokacin, jaririyar kuma ko wata ɗaya bata cika ba. Zazzaɓi ya fara mata nace ai haƙori ne, na ba ta parasitamol. Kwana biyu sai ga dasashinta ya kumbura yayi jajir, ana taɓawa sai jini, ga 'yan ƙuraje masu ruwa a harshe da cikin leɓe suna fashewa su zama gyambo, yawu na ta dalala, ko ruwa ta ƙi sha sai kuka dare da rana. Wata 'yar uwata tace in ba ta antibayotik, na ba ta, wallahi ko gezau.

Sai rana ta biyar na kai ta wajen likitar haƙori. Ta sa safar hannu ta haska bakin tace "Hajiya wannan ƙwayar bairos ce, herpes simplex nau'i na 1, antibayotik ba ya mata komai." Ta tambaya ko akwai mai fitar ƙurjin leɓe a gidan, irin na bayan zazzaɓi. Jikina yayi sanyi, dan ni ce. Sati ɗaya kafin ta kwanta ya fito min, ban daina sumbatarta ba, kuma cokali ɗaya muke amfani da shi.

Tace maganin aciclovir ya fi aiki in an fara shi cikin kwana 3 na farko, mun makara, amma ciwon kan warke cikin kwana 10 zuwa 14. Ita abin da take tsoro ƙarewar ruwan jiki, in fara ba ta maganin zafi, in ya lafa sai ruwa mai sanyi kaɗan-kaɗan da sirinji, in kuma fitsarinta ya ragu kar in kwana a gida. Ƙwayar dai ba ta barin jiki, kwanciya take a jijiyar fuska ta riƙa tasowa.

Har na ɗauki jaka sai idonta ya kai kan jaririyar, fuskarta ta sauya, tace ciwon nan a jikin sabuwar haihuwa yana iya kaiwa ƙwaƙwalwa, kar yawun yayarta ya kusance ta, in wanke hannu duk na taɓa ɗaya kafin ɗayar.

Daren ranar a bakin ƙofa na kwana tsakanin ɗaki biyu. Sai mako mai zuwa insha Allah.