Saƙon godiya: Baban Ummi ya ajiye kaki

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki. Yau kwana huɗu da walima, sai yanzu na samu zama. An mayar da kujerun haya, baƙin Kano da na Zariya duk sun isa gida lafiya. Ranar Asabar an miƙo mini abin magana in yi godiya, ina buɗe baki kuka ya riga ni. To ga abin da na so faɗa.

Shekara 35 Baban Ummi ya yi a aikin sojan sama, 28 daga ciki muna tare. Da ƙafafunsa ya shiga, da ƙafafunsa ya fito. Wanda bai san aikin ba zai ga kamar ba wata magana na yi ba, amma matan bariki sun san abin da nake nufi. Alhamdulillahi.

Bayan Allah, sai Hajiya surukata. Ba da son ranta ya tafi makarantar sojoji ta Kaduna ba, amma tunda ya tafi ba ta taɓa yi masa baki ba, sai azumin Litinin da Alhamis da ta riƙe har ƙarfinta ya gaza. Har gobe ba mai faɗin karin maganar nan ta “komai nisan jifa” a gabanta. Wata jikarta ta taɓa faɗa cikin wasa, ranar ta ga ɓacin ran kaka. Hajiya, Allah Ya saka da Aljanna.

Kano aka kai ni ina amarya, lokacin yana tashi da L-39, ɗan ƙaramin jirgin koyo mai kujera biyu. Daga nan sai Kainji da jirgin yaƙi Alpha Jet, sai yaƙin Saliyo da dakarun ECOMOG na ƙasashen Afirka ta Yamma. Zamanin babu wayar salula, mu taru a ɗakin wadda rediyonta ya fi kama tasha, mu kasa kunne. Ni a lokacin duk tsorona yana kan yaƙi. In an ce za su yi wasan jirage ranar bikin 'yancin kai, har kwalliya nake yi in je in yi tafi. Jirage su taho a jere kamar an auna da zare, su yi ƙasa-ƙasa har ka ji ƙarar a ƙirjinka, ɗaya ya yi alkafura, yara na ihu. Ina ta taƙama ina cewa mijina na ciki.

Wata rana muna cin abincin dare na ce masa gara dai wasan nan da fagen fama. Ya dube ni, ya ɗauki cokula biyu ya jera su a iska, bakin ɗaya kusa da wutsiyar ɗaya. Ya ce, “Maman Ummi, na bayan nan ba ya kallon ƙasa, ba ya kallon gabansa. Fiffiken jagora kawai yake kallo. Inda jagora ya nufa, nan zai bi.” Ya ba ni labarin tawagar sojan saman Amurka da ake kira Thunderbirds, yadda a watan Janairun 1982 jirage huɗu suna atisayen alkafura a jihar Nebada, na gaba bai miƙe a kan lokaci ba, ukun suka bi shi har ƙasa, duka huɗun suka mutu. Ba sabon shiga ko ɗaya a cikinsu.

Ya yi mini lissafin da har yau ban manta ba. Jirgin da ke gudun kilomita 700 a awa yana cin kusan mita 200 a daƙiƙa ɗaya. A can ƙololuwa in ka yi kuskure akwai sarari a ƙarƙashinka da za ka gyara, ko ka ja igiyar kujera ta cilla ka, lema ta buɗe. A ƙasa-ƙasa kuwa atishawa ɗaya ta isa. Ga nauyin da ke danne mutum in ya ja jirgi da ƙarfi, ninki biyar ko shida na nauyin jikinsa, jini ya gudu daga kai ya taru a ƙafafu, gani ya dusashe, wani ma ya suma na 'yan daƙiƙu. Shi ya sa suke sa wandon nan mai kumbura yana matse cinya da ciki. Ga hazon hunturu, ga ungulu da shaho, waɗanda a wannan gudun ba su da maraba da dutse. Ya ajiye cokulan ya ci gaba da cin tuwonsa. Ni dai daga ranar ban ƙara tafi ba.

Wannan ya kawo ni kan mutum ɗaya da ba ta cikin danginmu, ba addininmu ɗaya ba, amma ba ni da bakin gode mata: maƙwabciyata a Gwarimpa, Maman Chidi.

Mutanen Abuja ba za su manta da Juma'ar 28 ga Satumba 2018 ba. Duk makon jirage na ta shawagi a kanmu, ana atisayen bikin cika shekara 58 da samun 'yanci. Baban Ummi ya fita tun bayan Asuba. A lokacin aikin ofis ya fi yi masa yawa, amma wanda ya san su ya san ba sa rabuwa da kwalkwalinsu, kuma ba kullum yake gaya mini zai hau ko ba zai hau ba. Ina yankan alayyafo sai wayata ta fara ruri ba ƙaƙƙautawa: jirage biyu samfurin F-7 sun gogi juna, sun faɗi a wajen dutsen Katampe. Daga unguwarmu zuwa can ba nisa. Na kira layinsa, a kashe. Na sake kira, a kashe. Sai ga Maman Chidi da ɗaurin ƙirji, takalminta wari da wari. Ba ta ce mini komai ba. Ta kashe talabijin, ta zare wayar daga hannuna ta cusa a zaninta, domin har an fara yawo da hotuna a WhatsApp. Ta kwashe yaran ta kai gidanta, ta dawo ta shimfiɗa mini sallaya da hannunta, ta zauna a bakin ƙofa tana nata addu'o'in. Haka muka yi kusan awa uku kafin ya kira daga wayar wani, ya ce kalma biyu: “Ina lafiya.”

Ni na samu nawa, wani gidan bai samu ba. Matuƙan sun fice da lema, amma Skwadiron Lida Bello Baba-Ari bai rayu ba. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta. Da dare maigidan ya dawo, ko takalmi bai cire ba ya zauna a kan tabarma, abincin da na ajiye haka ya kwana a rufe. Masu gaggawar tura hoton hatsari tun kafin a sanar da iyalai, don Allah ku ji tsoron Allah. Ba ku san a hannun wa zai faɗa ba.

Matan bariki, yayyena da ƙannena, na gode. Musamman waɗanda suka zo walimar nan alhali nasu mazan ba su dawo ba. Akwai wata yayarmu da mijinta ya rasu a hatsarin jirgin soja C-130 na Ejigbo a Legas, a Satumbar 1992, wanda ya ci mutum fiye da 150, akasarinsu hafsoshin da ke kwas a Jaji. Ita ta koya mini yadda ake sallamar miji da safe ba tare da an nuna masa tsoro ba, domin wanda zai tashi da jirgi ba a haɗa shi da damuwar gida. Ranar Asabar ita ce a kan tukunyar waina tun hantsi. Na ce, “Yaya, ki huta mana.” Ta ce in ƙyale ta, yau ranar farin cikinmu ce duka. A 2021 ma, da jirgi ya faɗi kusa da filin jirgin Abuja a Fabrairu ya kashe mutum bakwai, wani ya faɗi a Kaduna a watan Mayu da Janar Ibrahim Attahiru da mutum goma, ita ce ke gaba a gidajen gaisuwa.

Baban Ummi ya ce lallai in ambaci makanikai da masu naɗe lema. Ba a nuna su a talabijin, ba a yi musu tafi, amma ya ce duk tashin da ya yi, ransa a hannun Allah yake, sannan a hannun wani kofur da ya ɗaure kusoshi cikin dare. Huɗu daga cikin tsofaffin sun zo, da kansa ya zuba musu abinci. Haka likitar da ke gasa masa wuya da baya, domin aikin bai bar shi haka nan ba: in zai waiwaya sai ya juyo da jikinsa gaba ɗaya.

Malaman da suka yi saukar Alƙur'ani, ƙannena da suka kwana suna haɗa zoɓo da kunun aya, samarin layinmu da suka tsara ajiye motoci, Allah Ya bar zumunci.

Wasunku sun ji Auta ya tashi a gaban jama'a ya ce shi ma Kaduna zai nema in ya gama sakandare, kuka yi ta kabbara kuna dariya. Na ga uban bai yi dariya ba, ni ma ban yi ba. Ba mu ce masa e ba, ba mu ce a'a ba. Hajiya kuma ba a gaya mata ba tukuna, don haka wanda ya je gaishe ta ya kama bakinsa.

An bar kula babba mai ruwan toka, da mayafi baƙi, da tabarau na karatu a falon mata. Mai su ta yi mini magana ta akwatin saƙo.