Yau ƙanena ya cire hular sanyi

Yau na raka ƙanena aka sa masa kunnen roba. Shekara biyu ke nan tun hatsarin babur ɗin nan, kullum yana cikin hular sanyi, ko a zafin watan Afrilu. Ma'aikacin ya auni kunnensa mai lafiya ne ya ƙera ɗan'uwansa da silikon, sannan ya zauna yana gauraya kala, ya ɗiga ya kara da fatar wuyansa, ya goge ya sake, har sai da suka saje. Da ya shafa gam ya manna, ban iya gane inda robar ta tsaya ba.

Na ɗauka madubi zai fara nema. Sai kawai ya ciro tabaransa daga aljihu ya saka, ya girgiza kai a hankali, ya ce, "Yaya, duba, ya zauna." Wallahi sai da na juya baya na share hawaye. Duk tsawon lokacin nan da zare yake ɗaure tabaran ta ƙarƙashin hula, ni da muke gida ɗaya ban taɓa lura ba.