Tirelar safe ta iso da dare

A aikin kula da sito, mota ɗaya in ta makara, kowa sai ya ji a jikinsa. Ƙofar lodi ta cushe, leburori na zaune ana biyansu, odar gobe ta hau kan ta yau.

Haka muka wuni yau. Direba ya kira wai taya ta fashe, ga injin ɗaga kaya ya ƙi tashi, batir ya mutu. Ban tsaya faɗa ba, faɗa ba ya sauke kwali ko ɗaya. Na raba yaran: wasu suka shiga ƙirga kayan da ke kan kanta, wasu suka jera odar gobe kusa da ƙofa, kayan da wa'adinsu ya kusa ƙarewa a gaba. Sannan na kira kwastomomi tun kafin su neme ni. Kiran nan da nauyi, amma mai kaya ya fi haƙuri da jinkirin da aka sanar da shi da wuri.

Direban nan dai na yaba masa, ya ɗauki waya. Masu kashe waya in sun maƙale a hanya, don Allah ku daina, ku kuke tsufar da mu.