Tafiya Kaduna Saboda Jita Mai Kogo

Daga Zariya zuwa Kaduna tafiyar kilomita 80 ce ko kusa da haka, kuma na sha yin ta don biki ko gaisuwa. Wannan karon jita ce ta kai ni. Wani ɗan kasuwa mai kawo kayan kiɗa daga kasuwar Alaba ta Legas ya kira ni ya ce kayana sun iso, shi ne na shiga mota a Kwangila da sanyin safiya, hazon hunturu ya lulluɓe gonaki har Jaji. Muka wuce Maraban Jos da Rigachikun, na sauka a Kawo, inda wani yayana a sana'a, mai situdiyo a Barnawa, yake jirana da motarsa.

Shagon na cikin gari, ta wajen titin Ahmadu Bello. Da aka buɗe akwatin sai ga ta: Ibanez ce daga jerin Artcore, ja mai duhu-duhu a gefe, da tsaga biyu a fuskarta masu siffar harafin f. Shekara da shekaru ina kaɗa jitar lantarki mai dunƙulallen katako, wadda in ba a jona ta ba da ƙyar ake jin ta. Wannan kuwa na ja tsirkiya ɗaya tun babu waya a jikinta, sautin ya fito daga cikinta har na ji shi a ƙirjina. Cikinta kogo ne kamar ƙwaryar garaya, iskar da ke ciki ita ke amsa wa tsirkiya.

Yaron shagon ya ɗauko sababbin tsirkiyoyi zai kwance tsofaffin gaba ɗaya, yayana ya tsayar da shi. "Ƙanena, bi su ɗaya bayan ɗaya. Jakin nan ba a kafe yake ba, tsirkiya ce ta danne shi." Haka yake. A irin wannan jita jakin, wato ɗan katakon da tsirkiyoyi ke hawa kansa, zaune kawai yake a kan fuskarta, in ya gusa ko da kaɗan ne, duk sautin da ke sama da gaɓa ta 12 a wuyan jitar sai ya kauce, ka yi ta ɗaurin tsirkiya ba ta daidaita ba. Muka sa masu kauri, masu santsin naɗi, waɗanda ba sa ƙara idan yatsa ya zame a kansu. A wajen ɗaukar kiɗa zalla wannan ba ƙaramin abu ba ne, don babu muryar mawaƙi da za ta rufe maka.

Muka bi ta filin wasa na Ahmadu Bello, muka haye gadar kogin Kaduna. Ruwa ya ja baya, duwatsu sun fito. Akwatin na kan cinyata har Barnawa, ban yarda a sa shi a but ba.

A situdiyo ta fara nuna halinta. Na jona ta da amfilifaya, na ƙara murya, na juya ina fuskantar lasifika, sai ta ɗauki wani ƙugi mai tashi har mai haɗa sauti ya zare abin kunnensa. Sautin lasifika ne ke shiga kogon, ya girgiza katako da tsirkiya, fikof, wato maganaɗisun da ke ɗaukar motsin tsirkiya, ya ɗauka ya mayar wa lasifika, abin ya yi ta zagayawa. Tsohuwar matsala ce. Tun 1936 kamfanin Gibson na Amurka ya fitar da ES-150, wadda da ita makaɗin jazz Charlie Christian ya sa aka fara jin jita a tsakiyar masu busa, kuma wannan ƙugin ne ya sa a 1958 suka ƙera ES-335 da gungumen katako a tsakiyar cikinta. Tawa ba ta da gungumen. Yayana ya ce a cusa soso a tsagun biyu, wasu haka suke yi. Na ce, "Yaya, don kogon na saye ta, a bar mata numfashinta." Muka mayar da amfilifaya wancan lungu, na ba shi gefe, muka rage murya. Ta yi shiru.

Da aka ɗauke wuta aka tada janareta na zaci za mu sha gurnani a layi, amma fikof ɗinta masu naɗi biyu ne, irin da Gibson ya sa wa jitocinsa a 1957, ɗaya na kashe hayaniyar ɗaya. Muka sa makirufo ɗaya a bakin lasifika, ɗaya kusa da tsagar ƙasa, aka gauraya su. Na zaɓi fikof na wajen wuya, na ajiye ɗan filastik ɗin kaɗa tsirkiya na koma kaɗawa da babban yatsa. Sautin ya fito da kauri da ɗumi, yana tashi da sauri ya sauka da sauri, ba ya jan jiki irin na dunƙulalliya.

Wannan saurin saukar shi ne abin da na zo nema. Yawancin kiɗan da ake haɗawa a situdiyoyinmu yanzu da fiyano da kwamfuta ake yi, har kalangun ma maɓalli ake latsawa, kuma abin yana damuna ƙwarai. Karinmu mai sauti biyar yana son tsirkiyar da za ta faɗi magana ta ba ganga wuri.

Hunturu kuma abin lura ne. Katakonta siriri ne, bushewar iska na iya sa wuyan ya motsa, bakin ƙarafan gaɓa su fito su riƙa kartar hannu. Yayana ya ba ni ƙaramin gwangwani mai huji da jiƙaƙƙen soso a ciki, ya ce ya zauna a akwatin har damina ta faɗi.

Bayan la'asar mai kalangu ya iso daga Tudun Wada, dattijo ne da ya daɗe yana kiɗan biki. Ya saurari abin da muka ɗauka, bai ce komai ba, ya rataya kalangunsa. Duk inda ya matse tsarkiyar kalangu sautin ya hau, sai in zame yatsa in bi shi. Inda ya saki, in sauko. Muka kai ƙarshe, mai haɗa sauti ya tsayar da na'ura. Dattijon ya ce, "Ɗana, a sake na biyun. Ka rage gudu, ka bar ni in amsa maka kafin ka shigo." Muka sake daga farko.