Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Injin Fijon Mahaifina

Assalamu alaikum. A makon jiya mun tsaya ne inda janwe ta ɗauke motar marigayi mahaifina daga bayan gidanmu na Tudun Wada, ta sauke ta a garejin Kawu a Kurmin Mashi. Kawu ba ƙanin mahaifiyata ba ne, abokin mahaifina ne tun suna samari, muka taso muka ji ana kiransa haka. Ya tsufa a kan Fijo. Tun lokacin da 404 ke cika tashar Kawo yake kwance injinta, har aka zo 504, har aka zo 505, har zamani ya juya motocin Japan suka cika gari.

Tunda yau maganar inji za mu yi, gara a san wace irin mota ce. Peugeot 504 ce, amma ba irin wadda aka saba gani ba. Kamfanin PAN ya fara harhaɗa Fijo a Kakuri a 1975, kuma 504 ba ta bar layin Kaduna ba sai 2006, shi ya sa kowa ya san mai ƙofa huɗu da wagon da akori-kura. Tamu mai ƙofa biyu ce, buɗaɗɗiya, rufinta na tamfol ne da ake naɗewa baya. Ba a taɓa yin irinta a Kaduna ba. Kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana ta ya kuma ƙera gangar jikinta, sannan a kai Sochaux a Faransa a ɗora inji. Daga 1969 zuwa 1983 guda dubu takwas da 'yan kai kawai aka yi. Ta mahaifina ƙirar 1972 ce, mai fitilu huɗu a gaba. A Maraɗi ya saye ta a farkon shekarun 1980, a hannun wani Bafaranshe cikin irin waɗanda ke keto Sahara da tsofaffin Fijo ta Tamanrasset da Arlit da Agadas, su sayar su koma gida a jirgi.

Da Kawu ya ɗaga bonet, ya daɗe bai ce komai ba. Ya sa sufana a kan goron karanshaf ya danna, ko motsi. Ya kwance fulogogi huɗu, ya zuba gas haɗe da man giya a kowane rami, ya ce a bar ta ta jiƙa. Sannan ya nuna wani dunƙulen alminiyon a gefen injin, mai bututai huɗu suna fita ta samansa.

"Ka ga wannan? Shi ya kwantar da motar babanka."

Na sani. Ina ɗan sakandare motar ta fara tari, ta tashi da safe ta mutu da rana. Duk bakaniken da aka kira sai ya leƙa yana neman kafireta, bai ganta ba, sai ya sosa ƙeya. Injin nan ba shi da kafireta. Famfo ne na wani kamfanin Jamus, Kugelfischer, yake auna fetur ya harba shi ta nozul zuwa kowace silinda, ba kwamfuta, ba waya, ƙarfe ne kawai ke tura ƙarfe. A ƙarshen shekarun 1990 mahaifina ya gaji, ya lulluɓe ta da tamfol, ya koma hawa babur.

Shawarar Kawu ba ta da kwana-kwana. A sauke injin gaba ɗaya, a je Panteka a samo na Kaduna mai kafireta Solex, a ɗora. "Ɗana, ka hutar da kanka. Wannan ko a Birnin Gwari ta tsaya maka, yaron gareji zai gyara ta da sukundireba. Wancan kuwa sai ka tafi Faransa."

Gaskiya ya faɗa, kuma har yau idan mutum ya ce mini mota yake so ta zuwa aiki, shawarar Kawu zan ba shi. Ni dai ba abin hawa nake nema ba, ina da wadda ke kai ni makaranta. Na ce, "Kawu, a yi haƙuri a fara buɗe wannan ɗin mu ga cikinsa." Ya ce kuɗina ne.

Abin da ya ba ni ƙwarin gwiwa shi ne, in ka cire maganar famfo, ƙasan injin ɗan gida ne. Silinda huɗu, cc 1971, a kishingiɗe yake gefe guda, faɗin kowace silinda milimita 88, daidai da na tasi ɗin da suka yi shekaru suna zirga-zirga tsakanin Kaduna da Kano. Bambancin a sama yake, a top, wato kan injin da ke rufe silindoji, da hanyar shigar iska, shi ya sa mai famfo ke ba da ƙarfin doki 104, ya ɗara mai kafireta.

Da aka ɗaga top sai muka ga abin da ya riƙe shi. Ruwa ya tsiyaya cikin silinda ta uku ya kwana shekaru, fistin ya manne da tsatsa. A wasu injina wannan babbar magana ce, sai an kai buloki wurin masu gogewa. A Fijo kuwa silindar ba a jikin buloki aka huda ta ba, silif ne ake zurawa, ruwan lagireto na kewaya shi kai tsaye. Sai Kawu ya kwance metal ta ƙasa, wato mahaɗin sandar fistin da karanshaf, ya zaro silif ɗin da fistin ɗinsa a manne, ya jefar a gefe.

Neman sababbi ya kai ni Panteka, daga nan Ƙofar Ruwa a Kano. Kaya akwai, sai dai ido. Fistin ɗin 504 kala-kala ne, akwai waɗanda aka yi wa ƙasashen da fetur ɗinsu ba shi da ƙarfi, matsinsu kaɗan ne, kuma a kwali ba lallai ka gane ba. Kawu ya sa na tafi da tsohon fistin a leda, ya ce duk wanda aka miƙo mini in jera su a kan tebur in duba samansu da tsayinsu. Wani mai shago ya rantse mini duk ɗaya ne. Da muka jera, shi da kansa ya mayar da nasa kwali. A wurin wani dattijo can ciki na samu saiti cikakke, silif da fistin da ringi, tsohon ajiya, man da aka shafa musu ya bushe ya yi ja.

Ranar haɗawa na ga abin da ya sa ake cewa Kawu gwani ne. Silif ɗin Fijo ba daidai da fuskar buloki yake zama ba, sai ya ɗan ɗago sama, kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita, don idan aka ɗaure top, gasket ya matsu sosai a bakin silinda. Ana samun wannan ɗagowar ne da wata takarda da ake sawa a gindin silif, tana zuwa kauri-kauri. Kawu ya kankare mazaunin da haƙuri har ƙarfen ya fito fes, ya zura silif, ya ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a kai, ya zura filagejinsa a ƙarƙashi. Bai gamsu ba, ya zare ya canza takarda. Yaransa suna ta ƙiftawa juna ido, su a ganinsu ɓata lokaci ne. Ya ɗaure kowane silif da washa da noti kafin ya bari a juya karanshaf, domin in aka juya ba a danne su ba, fistin zai ɗaga silif, takardar ta yage, ruwa ya gangara cikin baƙin mai. Ya ce rabin Fijon da aka ce sun "haɗa ruwa da mai" a garin nan, nan aka kashe su.

Sauran aikin ya tafi yadda aka saba. An goge karanshaf an sa metal daidai da shi, an canza sarƙar tayamin, an wasa bawul, an ba na shiga 0.10, na fita 0.25, inji na sanyi. Wani abu ɗaya da zan tuna wa masu irin wannan mota: a Fijo, silinda ta ɗaya ita ce ta baya, wajen giya, ba ta gaba wajen fanka ba. Wanda ya saba da motar Japan, nan yake rikita wayoyin fulogi.

A gida kuwa uwargida ta fara lissafi. Wata rana bayan sallar isha'i ta ce, "Malam, wai motar nan ita ma kuɗin makaranta ake biya mata?" Na yi dariya, ita ba ta yi ba. Muka yi yarjejeniya cewa ba za a taɓa albashi ba, sai kuɗin darasin yamma da nake yi wa yara. Wannan ya sa aikin ya ja, amma aka zauna lafiya.

Tanki ya fi injin ƙazanta. Fetur in ya daɗe, mai sauƙin ya tashi, abin da ya rage ya daskare a ƙasa kamar maɗi, ga wari mai hawa kai. Muka sauke tankin, muka zuba tsakuwa da kananzir, yara biyu suka riƙe gefe-gefe suna jijjigawa, a zubar a sake, har abin da ke fitowa ya daina yin ja. Wasu ƙananan huji suka bayyana a gindinsa. Mai walda ya ƙi kusantarsa da wuta sai da aka wanke da omo aka cika shi da ruwa, kuma ya yi daidai, tankin da babu mai ya fi cikakke haɗari saboda tururin da ke ciki. Duk tiyo na roba muka zubar. Bututun ƙarfe biyu ne, na kai mai da na mayar da ragowa tanki, na mayarwar ya toshe ƙurmus, sai da waya da iska. Famfon lantarkin da ke tura mai daga tanki ya mutu, muka sa wani da sabuwar filta.

Saura babban. Kawu ya kwance famfon Kugelfischer, ya naɗe shi a tsumma ya miƙo mini, ya ce shi iyakarsa ke nan. Amma ya yi wata magana da ta zama mabuɗi: abin ya fi kama da famfon gas na manyan motoci, don haka in daina yawo wurin masu ƙananan motoci, in nemi mai gyaran famfo da nozul na tirela da tarakta.

Wanda na samu wani Alhaji ne a hanyar Zariya, shagonsa ƙarami, amma tsaf, ba ya bari a shiga masa da ƙura a hannu. Ya juya famfon, ya leƙa, ya ce bai taɓa buɗe irinsa ba, sai dai yaren ɗaya ne. A ciki akwai 'yan fistin huɗu, kowane na silinda ɗaya, da wani sashe da ke yanke yawan man da za a tura. Ya nuna mini wasu sukurori masu ɗigon fenti a kai.

"Malam, waɗannan ba ni ba su. Wanda ya ɗaure su yana da na'urar da ni ba ni da ita. In babanka ya yi sa'a babu wanda ya taɓa, to datti ne kawai."

Fentin yana nan, ba a fasa ba. Ashe tsoron da makanikan da suka gabata suka ji, shi ya tsare famfon.

Ya kwance bawulolin shiga da na fita ɗaya bayan ɗaya, ya jera su a faranti bisa tsari don kada na wannan rami ya koma wancan, ya jiƙa su a tina. Biyu sun manne gaba ɗaya. Nozul kuma ya ɗaura su a na'urar gwajinsa ta hannu, yana danna mariƙin a hankali, don ya ce waɗannan ba sa buƙatar ko rabin matsin na gas, in ya danna da ƙarfin da ya saba zai lalata su. Na farko ya yi fitsari siriri. Na biyu ɗiga kawai yake. Bayan wanki da maimaici, kowanne ya riƙa buɗewa da 'yar ƙara, yana fesa hazo. Na miƙa yatsa zan taɓa, ya buge mini hannu, ya ce man da ke fita da matsi yana huda fata.

Gwajin ƙarshe da sirinji huɗu na asibiti ya yi shi. Ya sa bakin kowane nozul a cikin ɗaya, ya juya famfon da injin huda, muka zuba ido. Uku suka tashi kai ɗaya, na huɗu ya biyo baya kaɗan. Ya sake wanke bawul ɗinsa, ya zo daidai. Kuɗin da ya karɓa bai kai na saitin ringi ba, da na ƙara masa ya mayar mini, ya ce in dai ta tashi in kawo ta ya gani.

A gareji Kawu ya ɗora famfon, ya daidaita alamar bel ɗinsa mai haƙora da ta inji, ya sa aka kunna makulli famfon lantarki ya yi ta zuƙa har mai ya fara komawa tanki. Ya cire fulogi ya sa aka juya inji sai da fitilar baƙin mai ta mutu, sannan ya mayar. Bugun farko, shiru. Na biyu ta yi atishawa ta salansa. Ya sassauta bututan nozul ya fitar da iska, ya ɗaure, ya ce, "Bismillah, buga."

Ta kama da silinda uku, tana girgiza, hayaƙi ya turnuƙe garejin, sai ta huɗun ta shigo, ƙarar ta daidaita. Masu gyaran Golf na maƙwabta suka bar aikinsu suka zo. Silo ɗinta, wato gudun inji ba a taka totur ba, ya yi sama da yawa, Kawu ya bi sandunan da suka haɗa totur da famfo yana rage tsayi kaɗan-kaɗan har ta zauna. Ya ɗora tafin hannu a kan murfin bawul, ya saurara, ya ce, "To, ba laifi." Wanda ya san Kawu ya san ba ya wuce haka.

Ba mu bar ta ta daɗe ba, allurar zafi ta fara hawa, ga ruwa na ɗiga ta ƙasan lagireto. Birki kuma in ka taka, ƙafarka har ƙasa take zuwa, kuma na ƙafafun nan huɗu duk faifai ne, sun ci tsatsa. Kawu ya hana a fitar da ita ko bakin titi. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan kawo yadda muka yi da lagireto da birki, da rigimar da muka sha da mai ɗinkin kujerun mota a kan tamfol ɗin rufi.